Gwaggo a Bayan Rumfa

Litinin

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya hutawa. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Ya Gwaggo ta iso? Direba ya ce ya sauke ta a bakin layinku jiya da azahar. Tafiyar ta zo mini babu shiri. Na fito da safe na tarar ta ɗaure kayanta, wai kewar yaranki take yi. Na ce ta bari ta huta gajiyar biki, ta ce ta huta. Kin san ta in ta sa kai.

Bikin kuwa, Yaya, da kin zo. A babban filin nan na bayan tashar jirgin ƙasa aka yi, rumfuna sun fi arba'in, kowace da tutar ƙasarta. Ban san garin nan ya tara mutane iri-iri haka ba sai ranar Asabar. Na ga maza ƙarti sanye da siket suna hura wata jaka mai kuka kamar akuyar da aka taka wa ƙafa, mutane kuma na ta tafi. Na ga mata suna rawa da tulu a ka, ko ɗigo bai zuba ba. Akwai wasu masu ganguna manya kamar duro, in suka buga sai ki ji a haƙarƙarinki. Abinci kuwa ba a magana. Wani mutum yana jan ƙullin fulawa da hannu yana lilo da shi har ya zama taliya a gaban idonki. An ba ni ɗanyen kifi a naɗe cikin shinkafa, na haɗiye don kunya, na yi murmushi, na nemi ruwa.

Rumfarmu ce ta goma sha bakwai, tsakanin wata tsohuwa mai gasa burodi a jikin tanda da wasu samari masu dafa kofi a cikin yashi mai zafi. Miyar Gwaggo muka kai, tukunya huɗu, da shinkafa. Kafin magariba an kankare ta huɗun. Layi ya kai har gaban masu kofi, suka fara ɓata rai. Shugabarmu ta ɗakin magani ta ci kwano biyu, matar da ko shayi ba ta sha a gaban ma'aikata.

To ga babban labari: mun ci kyauta. Wani allo ne na katako mai rubutun zinariya, wai girkin da ya fi taɓa zuciya. Yana nan a falo, ban rataye ba tukuna, ban samu ƙusa ba.

Akwai wata 'yar alfarma. Masu shirya bikin za su buga ɗan littafi na girke-girken da suka yi fice, suna son a rubuta musu yadda ake miyar, da awo da komai, kafin ƙarshen wata. Ke ma kin san ban taɓa tsayawa na koya ba, kullum cewa nake sai na samu hutu. Don Allah in ta shiga kicin ki tsaya kusa da ita ki rubuta mini: albasa nawa, me ake fara sawa, minti nawa. Ba sai kin ce mata ni na tambaya ba, kada ta ga kamar ana damunta.

Ki tuna mata da maganin hawan jininta, ƙwaya ɗaya bayan karin kumallo. Ta bar rabin kwalin a nan, zan ba direba.

Ki gaida kowa. Ki gaida ta.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis

Wa alaikumus salam Auta,

Muna lafiya, keke na nan yana cin zare. Saƙonki ya iso, maganin ma ya iso. Na karanta labarin maza masu siket, yara sun yi dariya. Ni ban yi ba, don ina da abin da ya fi shi ban mamaki a cikin gidana.

Kin ce in tsaya kusa da Gwaggo in ta shiga kicin. Wane kicin? Yau kwana huɗu ko ashana ba ta ƙyasta ba. Matar da in ta zo gidan nan tun ba ta cire mayafi ba take buɗe tukwanena tana cewa na kashe miya da ruwa. Shekaranjiya da gangan na yanka albasa manya-manya a gabanta, irin yankan da take cewa na masu gudun hijira ne. Ta kalla, ta kau da kai. Jiya na ce, "Gwaggo, yara na son miyarki." Sai ta ce, "Ai matattu ba sa girki." Na ce wane irin zance ne wannan da rana tsaka. Ta ce in tambayi mai ilimin gidanmu. Mu biyu ta rena, ni kuma tela ce, to kin ga saura ke.

Ba ta kuka, ba ta faɗa, tana cin abinci, tana sallarta. Amma ta fara rabon kaya. Ta ba babbar 'yata 'yan kunnenta. Ta ba maƙwabciyata turmin zanen da take ɓoyo tun kina makaranta. Ludayin katakon nan nata da ko taɓawa ba a yi, na gan shi cikin kwandon cokulana, a jefe kamar na kowa.

Sannan da nake fitar da kayan wankinta na ga wani kati mai launin ɗorawa da igiyar ratayawa a wuya, da tambarin bikin naku. Karatuna bai kai naki ba, amma na iya karanta "mai wanke-wanke". Na tambaye ta, ta ce ke kika rataya mata, kika ce katin manyan baƙi ne.

Kuma na lura a duk wasiƙarki, da akuya da tulu da ɗanyen kifi, babu inda kika ce ga abin da Gwaggo ta gani, ko ga abin da ta ce da aka ba da kyautar. Kin ce "mun ci". Ku wa? Allon da ba ki samu ƙusarsa ba, sunan wa ke jiki? Gidanki da na sani, har guduma biyu gare ki.

Auta, ni na yi miki wanka kina jaririya, na san fuskarki in kin fasa kofi kin tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado. Wasiƙar nan taki irin wannan fuskar gare ta. Ba zan tsaya bayan tsohuwa da biro ina satar miya ba. Ki rubuto mini abin da ya faru, daga farko, kada ki sa mini ganguna a ciki.

Maigidan na gaishe ki. Gwaggo na ce mata zan rubuto, ko akwai saƙo. Ta ce a gaishe ki da aiki.

Yayarki

Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yaga, don na kama kaina ina gyara labarin yadda zan fito da sauran mutunci. Babu sauran. Ga shi yadda yake.

Wata biyu kafin bikin na je ofishin masu shiryawa na cike takarda. Wata mata ce a teburin, mai fara'a, da tabarau a rataye a wuya. Akwai layin da aka ce wa ya koya miki wannan girki. Na rubuta: gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta rene mu bayan rasuwar iyayenmu. Matar ta karanta, ta ce abin ya taɓa ta. Ta ce al'adarsu ita ce in wanda ya koyar yana nan, shi ake hawarwa dandamali, a ba shi makirufo, a yi hira da shi a gaban jama'a, da tafinta in ana bukata. Sai ta tambaye ni, "Tana tare da mu har yanzu?"

Yaya, a wannan daƙiƙar na ga Gwaggo a kan dandamali. Na ga giɓin haƙoranta, na ji dariyar nan tata da ake ji daga bakin titi. Na ga tana goge hanci da gefen mayafi. Na ji tana ba mutum dubu labarin yadda na yi fitsarin kwance har na shekara tara, kin san ba ta taɓa samun baƙo ba ta ba shi wannan labarin ba. Kuma na san duk 'yan wurin aikinmu za su zo, ni na gayyace su. Shekara shida ina lallaɓa yadda suke kallona a asibitin nan.

Ban ce ta mutu ba. Na daɗe ina riƙe da wannan kamar wani abin kirki ne. Sunkuyar da kai na yi ina neman dabarar da zan ce ba ta son taro. Shirun ya yi tsawo. Sai matar ta ɗora hannunta a kan nawa ta ce, "Allah sarki, yi haƙuri," ta yi ɗan rubutu a takardar. Ina kallon biron yana tafiya. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi, ban faɗe ta ba. Har na karɓi tisshun da ta miƙo mini.

Daga nan komai ya bi layi. Ni ce mai girki a takarda. Gwaggo kuwa dole ta shiga filin, don in ba ita babu miya, kuma katin da ya rage na masu aikin bayan rumfa ne. Na rataya mata, na ce na manyan baƙi ne, ta shafa shi tana murmushi. Na ce mata dokar wurin ita ce masu girki na baya, masu zubawa na gaba. Tun hantsi tana bayan tamfol tsakanin gas da bokitan ruwa. Ni ina gaba da sabuwar atamfa da farin gyale, ana tambayata sirrin miyar ina cewa haƙuri ne da ƙauna.

Ba ta yi ƙorafi ba, daɗi ma ta ji. Ita da tsohuwa mai burodi suka ƙulla ƙawance ta ƙarƙashin tamfol, babu mai jin yaren wani. Wannan ta miƙo burodi, wannan ta miƙa miya, suna ta gyaɗa wa juna kai. Na ji Gwaggo tana ba ta labari da Hausa tiryan-tiryan, ita kuma tana amsawa da nata, suna dariya a wuri ɗaya.

Da la'asar aka kira lambar rumfarmu a lasifika. Na hau. Mai gabatarwa ya karanta abin da ke takardar da harshen da Gwaggo ba ta ji: marainiya, gwaggon da ta rene ta, miyar da ta bar mata gado kafin ta koma ga Mahaliccinta. Sai ya ce akwai wani dattijo cikin makaɗan da suka zo daga nesa, ya roƙi a ba shi dama ya yi wa marigayiyar kiɗan da suke yi wa waɗanda suka rasu a ƙasarsu. Ya fito da wani abu mai kama da goge. Jama'a suka miƙe tsaye, maza suka cire huluna, filin nan duka ya yi tsit.

Daga kan dandamali ana hango bayan rumfuna. Na gan ta. Ta fito daga bayan tamfol da ludayi a hannu, kiɗan ya yi mata daɗi. Ta fara rangaji, tana ɗaga kafaɗa, tana juyi a hankali, idonta a lumshe. Ita kaɗai ke motsi a duk filin. Wani mai gadi ya je yana yi mata alama ta nutsu, ana girmama mamaciya. Ta ɗauka yunwa yake ji, ta nuna masa tukunya. Ni kuma ina tsaye da allo a ƙirji, hawaye na zuba, mutane na cewa dubi yadda take son gwaggonta.

Ko a nan da abin ya tsaya, da wataƙila har yau ina ɓoyewa. Na dawo rumfa, ana ta rungumata. Sai ga wani dattijo da sanda, ya ce shi tsohon direban babbar mota ne, ya ji sanarwa, ya gane mutanensa ne. Da Hausa ya yi maganar, da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ya yi nauyi. Daidai lokacin Gwaggo ta ɗago tamfol ta shigo da tukunya ta ƙarshe. Ya ce, "'Yata, ashe gwaggon taki da ta rene ki ta rasu. Mai wannan miya ba ƙaramar mace ba ce. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya kai haske kabarinta."

Gwaggo ta ajiye tukunyar. Ta dubi allon, ta dubi dattijon, ta dube ni. Ban taɓa sanin tana da irin wannan kallon ba, babu fushi a ciki, kamar dai tana ƙoƙarin tuna inda ta san ni. Sai ta ce, "Amin." Ta ɗauki kwano ta zuba masa, ta zaɓo masa tsoka mai kyau, ta ce, "Ci, Malam, sadakar mamaciya ce." Ta koma baya ta wanke tukwane huɗun nan tas, ta hana ni taɓa ko ɗaya.

Da muka iso gida ta ce kiɗan mutumin nan ya yi daɗi. Shi ke nan abin da ta faɗa.

Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ban san akwai ta ba. In na wuce ƙofar ɗakinta sai in sauke kai, alhali babu kowa a ciki. Ki faɗa mini abin da zan yi. Ki zage ni ma in kin ga dama, zai fi mini sauƙi.

Auta

Laraba

Auta,

Na amsa gaisuwarki don gaisuwa ba a ƙin ta. Zagi kuwa ba za ki samu ba, tunda kin ce sauƙi zai yi miki.

Na karanta wasiƙarki a shago, na ɗinke hannun rigar wani bawan Allah a wuyansa, sai da na farke. Bari in ƙara miki abin da ba ki sani ba, tunda kina tara abin kunya, ki haɗa da wannan.

Wata guda kafin bikin Gwaggo ta aiko mini da igiya ta hannun direba, da ƙulli huɗu a jiki: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Haka take aiko awonta tun da can, ba ta yarda da tef ba. Ta ce in ɗinka mata riga da zane na leshi shuɗi, in yi mata aiki a wuya, kada in gaya miki. Ta ce, "Auta za ta kai ni cikin manyan mutane, ba na so in ba ta kunya." Kin ji kalmar da ta faɗa. Kwana uku na yi a kan wuyan rigar nan.

Kayan suna cikin jakarta ranar bikin. Ta yi niyyar in ta gama girki ta shiga wani lungu ta sauya, ta fito gaba ta tsaya kusa da ke. Tana ta jira ki ce mata lokaci ya yi. Sun dawo mini a ninke yadda na ninke su, da allurar da na manta a jikin zanen. Jiya ta ce in yanka su in yi wa yara. Na ce to, na sa a saman kabad. Almakashina bai kai can ba tukuna, amma ba zan iya yi mata ƙarya har abada ba.

Ban karanta mata wasiƙarki ba. Na dai ce kin faɗa mini. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce, "Da ta zo ta ce, Gwaggo, ki mutu mini na yini ɗaya, ina da baƙi, ai da na mutu mata. Me ta taɓa roƙa na hana ta? Amma a tambaye ni mana." Daga nan ta ce in rage mata fanka.

Kin ce in faɗa miki abin da za ki yi. Ke da kike ba mutane magani kina rubuta musu safe da yamma, yau ni za ki tambaya? A gaban mutane kika binne ta. Ba a cikin ambulan za ki tono ta ba. Kada ki zo gidan nan da allon nan da kuka, kada ki aiko da atamfa ko turare, zan mayar. Littafin nan da za a buga, me za a rubuta a ƙarƙashin miyar? 'Yan wurin aikinki, me suke zato har yanzu?

Wani abu kuma, don kada ki ce ban faɗa ba. Ƙafafunta sun kumbura, na kai ta an duba, an ƙara mata ƙwaya. Likita bai ce akwai tashin hankali ba. Amma shekarunta saba'in da tara, Auta. Abin da kika rubuta a takardar mutanen nan, wata rana zai zama gaskiya ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Ki yi lissafin kwanakinki da wannan.

Yayarki, duk da haka

Litinin

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan ƙafar Gwaggo ta sauka. Ki sa mata matashi a ƙarƙashi in za ta kwanta, ki rage gishiri. Na san ba ni da bakin ba da umarni, amma wannan kaɗai na iya.

Ranar Juma'a na je ofishin. Na tarar da matar mai tabarau ta baje hotuna a tebur, suna zaɓen na bangon littafi. Tana ganina ta tashi ta rungume ni, ta ce dama tana nemana. Ta ɗauko wani hoto. Gwaggo ce, Yaya. Ludayi a sama, ido a lumshe, katin ɗorawa na lilo a ƙirjinta, bayanta mutane a tsaye kamar itatuwa. Matar ta ce duk hotunan bikin babu kamarsa, shi suke so a bango, amma sai da izinin mai shi. Ta ce, "Mai wanke-wankenku ce, ko? Kina da lambarta?"

Na ce, "Ita ce marigayiyar."

Ta sa tabarau, ta cire. Na faɗa mata komai a tsaye, da mutum uku a ofishin suna ji, ɗaya ma ya daina tauna abin da ke bakinsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na ba ki tisshu ranar nan." Na ce e. Ta ce dattijon mai goge ya yi kuka bayan ya sauka, don ya tuna da tasa uwar. Wannan ban san shi ba sai ranar. Na karɓi adireshinsa, na rubuta masa, ban san ko akwai mai fassara masa ba.

Na miƙa mata allon. Ta ce ba ta karɓa, ba nawa ba ne balle in mayar. Za su sake rubutun da sunan Gwaggo. Shafin miyar kuma za su bar shi, in Gwaggo ta yarda a buga, a buga, in ba ta yarda ba a sa hoton kawai da gyaran abin da aka sanar. Ta ce baɗi in Allah ya kai mu makirufo na jiran ta, ta faɗi duk abin da take so. Na ce akwai labarin da za ta bayar, na shekara tara. Na ce a bar ta ta bayar.

Yau da safe kuma na faɗa a wurin aiki. Sun haɗa mini katin ta'aziyya tun makon jiya, kowa ya sa hannu, yana cikin durowata. Na fito da shi na ajiye a teburin shayi na yi bayani. Shugabarmu ta dube ni ta saman takardunta ta ce, "Wato tsohuwar da na miƙa wa kwanona na ce ta wanke da kyau." Yini guda ana yi mini magana a taƙaice. Abin da na shekara shida ina gudu ya same ni, kuma da hannuna na kawo shi, ba da giɓin haƙoran kowa ba.

Sau uku na gwada miyar. Na san tana soya albasa kashi uku, ba lokaci ɗaya ba, na san ba ta rufe tukunya, iyakar sanina ke nan bayan shekara talatin ina ci. Ta farko ta ƙone. Ta biyu na ba maƙwabciya, ta dawo da kwano ta ce shinkafar ta yi kyau. Ta uku na zauna na cinye don horo.

Tsohuwa mai burodi ta je ofishin tana tambayar ƙawarta, ta bar mata ƙunshi. Ya bushe kafin ya iso hannuna, amma na ajiye.

Ba littafin nake nema ba yanzu, su buga farin shafi. Ki karanta mata wannan in kin ga ya dace. Ki ce mata ɗakinta na nan, na wanke labule. Ki tambaye ta, wannan karon tambaya nake yi: in zo?

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis

Auta,

Gwaggonki ce ke magana, yayarki na rubutu. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Ina gaishe ki. An karanta mini. Ƙafa ta sauka.

Hoton nan, a aiko in gani tukuna. In bakina a buɗe yake ban yarda ba. In za a ɗauki wani, ina da shuɗin leshi, yana nan saman kabad, ana zaton ban sani ba.

Miya ba a takarda take ba, ban san awonta ba, hannuna ne ya sani. Ki zo ranar Asabar da hantsi. Ki taho da albasa, ki taho da burodin ƙawata ko ya zama dutse. Kada ki sa farin gyale. Ni zan tsaya a gaban tukunya, ke ki tsaya a baya, ki kalla, in an gama ki yi wanke-wanke. Katin na nan, zan rataya miki.

Maganar komawa gidanki, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Labule ba shi ya kore ni ba.

Mutumin nan mai goge, ki ce masa na gode, ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Ya adana shi, za a neme shi, amma ba bana ba.

Kashi na uku na albasar, akwai lokacin da ake zuba shi, ba wanda na taɓa nuna wa. Ki zo tun ana iya tambayata.

Gwaggo